Ruwan da Na Ƙara wa Ummi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na Kaikai faɗi da sanyi. Ni ne Sabi'u, ɗanki mai awon hatsi, wanda ya gudo daga aji biyu na sakandare ya ce boko ta ishe shi. Na san ko da kina raye sai an karanta maki wasiƙa, amma na gwammace rubutun, tunda ta nan ba ki iya jifata da muciya.

Inna, na tafka ɓarna, kuma da dabararki na tafka ta.

Ba ki ga ɗiyata ba. An sa mata sunanki, muna ce mata Ummi. An haife ta da ɓula a zuciya, tana wata huɗu aka yi mata aiki can birni. Allah Ya ba da sa'a. Aka sallamo mu da ɗinki a ƙirjinta da dokoki cike da takarda.

Yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso. Ta kama nono kaɗan sai zufa, sai haki, sai barci. Saboda haka aka ce surukarki Rabi ta riƙa tatsa a kofi, a zuba wani garin madara da aka auna mana, a ba ta da sirinji kaɗan-kaɗan, kowane awa uku. Ban da ruwa, ban da dauri, ban da komai. Duk Alhamis mu kai ta Kankia a ɗora ta a sikeli.

Na bayan la'asar ni ke ba ta, lokacin Rabi na fama da tuwo. Ranar farko na duba kofin na ga abu da kauri, yarinya tana haɗiya kamar ana yi mata dole. Sai na tuno ki. Kin tuna shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni? Kika zauna bakin murhu kina tsinka kunu da ruwan zafi har ana ganin gindin ludayi, kina cewa, "Mara lafiya ba a ba shi mai kauri, cikinshi bai ɗauka." Na sha, na tashi. To me ya fi wannan hujja?

Sai na tafasa ruwa na bari ya huce, na tsinka mata. Inna, ki ga yadda ta zuƙe! Ciki ya yi tulele, ta yi barci har magariba. Na ce ashe likitan yana gida ana ta wahalar hawa mota. Da abin ya yi mani daɗi har na safe na karɓe, Rabi tana ta sa mani albarka, wai ba kowane namiji ke haka ba. Ni da ke tsayawa kasuwar Kusada ina tsiya da mai nono in ta ƙara ruwa, ni ne na zauna ina yi wa ɗiyata algus, har da bisimilla.

Alhamis uku sikeli bai motsa ba.

Ta ukun ce ta hana ni sakat. Nas ɗin da ke duba ta, wata doguwa mai tabarau da ba ta san wasa ba, ta juya kan Rabi. Tana cin abinci kuwa? Ko tana tsallake lokaci? Ko ƙiwar tatsa take? Rabi ta rantse, ta sake rantsewa, sai hawaye. Ni ina tsaye riƙe da jakar kaya, ina kallon silin kamar ni aka ba kwangilar gyaran shi. Aka ce in Alhamis mai zuwa ba ta ƙaru ba za a kwantar da ita, a maida mata robar hanci ta ba da abinci. Robar nan da ta yi ta fizga bayan aikin, tana kuka ba murya.

Muka dawo gida kowa ya zama likita. Ƙanwar Baba, Gwaggo Hajo, ta taso tun daga Yashe ta yanke hukunci: nonon Rabi ne ya tsinke. Ta ɗora ta kan kunun kanwa safe da yamma. Rabi, yarinyar mutane, tana sha tana kuka, ta tatsa ta ɗaga kofi tana duba nononta a rana kamar mai duba jabun kuɗi. Ni kuwa bakin nan nawa da kika ce ko a jana'iza bai hutawa, ya mutu murus.

Ran Asabar na koma Kankia ni kaɗai, na ce wa nas wani abokina ne ya aiko ni tambaya, wai in an ɗan ƙara ruwa akwai laifi? Ta sauke tabarau ta dube ni, ta dubi katin Ummi da ke leƙowa daga aljihuna. Ta ce cikin yarinyar bai wuce ƙwan kaza ba, zuciyar da aka ɗinke kuma tana cin ƙarfi fiye da ta mai lafiya, duk cokalin ruwa ya kori cokalin abinci. Har ta ce Allah ne Ya tsare, ruwa kan yi wa jariri abin da ya fi rama. Da na miƙe ta ce, "Ka gaida abokin naka. Ka ce mashi ba daga bakina matarshi ta fi buƙatar jin wannan ba, daga bakinshi ne."

Haushinki nake ji, Inna, kaɗan. Don me ba ki ce mani dabarar ta ɗan shekara bakwai ce ba? Amma na san amsarki, za ki ce ke kunu kika tsinka, ba ki ce in yi gardama da masu farin kaya ba.

Na daina tun ranar. Yanzu kofi ɗaya kan ɗauke mu rabin awa, ta haɗiya ta huta, in share mata zufa. Jiya ta riƙe mani babban yatsa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Goshinki ne da ita sak, har yadda kike tamke shi in na yi ƙarya.

Yau Talata. In jibi sikeli ya motsa, Gwaggo za ta ce kanwarta ce, Rabi ta yarda lallai nononta ne ya gaza, ni in fita fes. Shi ya sa dole in faɗa mata kafin jibi. Sau biyu ina buɗe baki yau, sau biyu ina ɓigewa da zancen tsadar gero.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya raya takwararki, Ya sa mata nama a jiki. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin hali, ga Rabi can ta sauke tukunya, tana kirana in zo in ci.

Naki, mai laifi,
Sabi'u.