Ranar da Na Danna Gida

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ɗinki, yaya kuma ciwon bayan nan? Na sha gaya miki kujerarki ta yi wa keken ɗinkinki ƙasa, amma kunnen ƙashi gare ki irin na mai sunanki, Allah ya jiƙanta. Ni dai lafiyata ƙalau. Duk abin da yayanki ya faɗa miki a kaina, ki raba shi biyu ki zubar da rabi.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. A waya ba kwa barina in kai ƙarshen zance, ina buɗe baki sai ku ce Baba ka yi haƙuri. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Saƙonki ya iso, na'urar nan mai nuna hanya da ake ɗaurawa a kan babur. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na buɗe kwalin sai da raina ya sosu. Ni da na san lungunan garin nan tun ba a zuba musu kwalta ba, wai yau wani ɗan allo mai faɗin tafin hannu ne zai koya min dama da hagu.

Ga abin da ya faru, ki ji daga bakina. Na je bayan tasha na gyara wa wani tela kekensa da ke tsinka zare. A hanyar dawowa akwai tsohon gidan mai da nake yin kwana a gabansa, ashe sun rushe shi sun zagaye wurin da kwano. Sai na wuce. Ina wucewa wannan titi ya miƙa ni ga wancan, na yi ta yawo har mai ya ƙare. Wani mai faci ne ya ga lambar yayanki a jikin akwatin kayan aikina ya kira shi. Shi ke nan fa abin da ake ta yayatawa. Amma washegari yayanki ya kwashe ni sai wurin likita. Likita ya ba ni sunayen wasu abubuwa in riƙe, ya sa na zana agogo, da ya waiwayo ya tambaye ni sai ɗaya ya tsere min. Na ga yadda suka kalli juna. Tun a mota yayanki ya fara zancen in ba shi makullin babur, in tattara in koma gidansa.

Na ce masa a'a, ke ma a'a nake ce miki tun kafin ya turo ki. Matan da ke ɗinki a cikin gidajensu ba za su iya ciccibo keke su kawo min ba, ni nake zuwa in same su. Idan aka raba ni da babur an raba ni da sana'ata. Gidan nan kuma ni da mahaifiyarku muka jera tubalinsa, a cikinsa ta cika, ba inda za ni.

To, an dai ɗaura na'urar. Abokina Bakanike ne ya kafa ta tsakanin madubai biyu ya ja mata waya zuwa batir. Yayanki ya zauna, fuska a ɗaure, ya shigar da gidaje da shagunan masu kirana, ya nuna min wani babban maɓalli mai hoton gida, ya ce ko ina nake in na danna shi za ta kawo ni ƙofar gidana. Muryar mace ce a ciki, na sa mata suna Malama. Zan gwada ta, amma don ke kawai.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yara.

Naki har kullum,
Babanki, Mai-keke


Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Na ji ƙaramin ya yi zazzaɓi, ina fata ya warware. Nan ma muna lafiya, sai ruwan sama da ya sa mu gaba.

Kin tambaye ni yadda muke da Malama. To, ki yi dariyarki, mun shirya. Ranar farko da gangan na riƙa saɓa mata, ta ce hagu in yi dama, don in ga iyakar haƙurinta. Ko a jikinta. Sai ta sake lissafi ta ba ni wata hanyar. Ba ta taɓa ce min ai na gaya maka ba, ba ta jan numfashi, ba ta kiran kowa a waya ta ba da rahotona. Da yayanki zai zo ya ɗauki darasi a wurinta da ya ƙaru.

Tana da nata wautar. Ta taɓa kai ni bakin wata gada da ruwa ya cinye tun bara, ta dage wai in miƙe. Na tsaya na yi mata faɗa sosai, masu sayar da lemo a wurin suna ta kallon tsoho yana rigima da kan babur. In rana ta take ba na ganin allon, sai na sa hannu na yi masa inuwa. In ruwa ya sauko kuma leda nake ɗaura mata, ni in jiƙe ita tana bushe.

Aiki yana tafiya. Shekaranjiya na je gidan wata mai ɗinkin kayan makaranta, kekenta yana tsallake ɗinki. Wani ya riga ya ce mata sai ta sayi sabo. Ina jin ƙararsa na san ƙoshiyar da ke ɗaukar zaren ƙasa ce ta goce. Na kwance, na daidaita ta da allura, na ɗiga mai, na sa ƙyalle na taka. Ɗinki ya fito a jere, matar har da guɗa. Hannuna bai manta komai ba, Uwata.

Amma tunda na ce takarda ba ta katse mutum, bari in faɗi wanda ban faɗa wa kowa ba. Matar nan na san ta tun tana amarya, amma har na fito sunanta bai zo min ba, sai ’yata ’yata nake ta ce mata. Daga nan na shiga babban shataletale, sai kawai garin ya zama baƙo. Na ga shagunan, na ga masu tafiya, amma ban san ta ina na shigo ba, ban san ta ina zan fita ba. Na yi ta zagaye, gumi yana bin bayana a cikin riga. Na ji tsoro irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Sai na miƙa yatsa na danna hoton gidan nan. Malama ta ce in fita ta gaba, na fita. Ta ce dama, na yi dama. Ban san lokacin da na ga ƙofata ba. Na daɗe a zaune a kan babur kafin in sauka.

Tun ranar na yanke wa kaina hukunci: in kaina ya ce wani abu Malama ta ce wani, nata zan bi. Kada ki ɗauka saduda na yi, dabara ce. Mai ciwon ido gilashi yake sawa, ba zama yake yi a ɗaka ba.

Yayanki ya sake zuwa da zancen ɗakin da ya gyara min, wai har da fanka da banɗaki a ciki. Na ce ya sa baƙinsa. Kada ki gaya masa zancen shataletalen nan, amana ce na ba ki.

Allah ya bar zumunci, ya raya mana yara.

Babanki,
Mai-keke


Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ni ma jikina lafiya. Zuciyata ce dai ba lafiya ba, kuma kin san dalili, amma zan faɗa miki yadda abin ya kasance ta wajena.

Ranar Talata yayanki ya biyo da safe ya ce zai duba min na'urar, wai tana bukatar sabuntawa. Na ba shi, har na yi masa godiya. Na fita aiki can wajen gari, na gama bayan la'asar, na ɗaure akwatina na danna Gida.

Tun a kwana ta biyu na ji hanyar ba ta kwanta min ba. Raina ya ce hagu ne, Malama ta ce dama. Na tuna hukuncin da na yanke, na ce wa kaina kai tsoho, rikicinka ne ya motsa, bi ta. Na bi ta. Muka wuce asibiti, muka haura wata unguwa mai dogayen katangu, ta ce na iso. Na ɗaga kai sai ga ƙofar gidan yayanki a buɗe, jikokina suna tsalle, surukata ta fito da ruwa a kofi tana min sannu da dawowa.

Sannu da dawowa ta ce, ba sannu da zuwa ba. Aka kai ni ɗaki. Ga jakar kayana a kan gado, ga takalmana a bakin ƙofa, ga rediyona a kan tebur. Kowa yana harkarsa kamar kullum haka nake shigowa.

Uwata, na zauna a bakin gadon nan na yarda. Wannan ne abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Na ce a raina ashe na daɗe da tarewa a nan na manta, ashe ciwon ya kai haka. Na ji kunya ta rufe ni, na shiga tunanin sau nawa na wahalar da yaran nan ban sani ba. Da surukata ta shigo da abinci na rage murya don kada yara su ji, na tambaye ta tun yaushe nake zaune a gidan. Yarinyar nan ta ajiye tire, ta dube ni, sai ta fashe da kuka. Ita ta gaya min gaskiya, Allah ya saka mata. Tun da safe mijinta ya canza gidan da ke cikin na'urar ya sa nasa, da na fita kuma ya je ya kwaso kayana.

Sai a lokacin na dubi labulen ɗakin da kyau. Ninki biyu a bakinsa, an koma da baya a kowace kusurwa. Ɗinkinki ne. Ni na koya miki shi, na san shi kamar yadda na san muryarki. Ban tambayi kowa ko da saninki ba, ban kuma tambayi yadda zancen shataletale ya isa kunnen yayanki ba.

Na fito na tarar ya zare makullin babur. Ya manta ubansa da sukudireba ya ciyar da shi. Na buɗe akwatina, na kwance makunnin, na haɗa wayoyi, na taka sau ɗaya babur ya tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, hawaye yana zubo masa, yana cewa ba ya iya barci, kullum jira yake a kira shi daga asibiti. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Amma na gaya masa ya matsa, in ba so yake ’ya’yansa su ga ubansu yana kokawa da nasa uban ba. Ya matsa.

Na kashe Malama. Ba laifinta ba ne, abin da aka sa mata ta faɗa. Na hau titi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ban san hanya ba. Na tafi a hankali ina kasa kunne har na jiyo ƙarar keke daga wani shago. Na tsaya na leƙa. Telan ya ɗago ya ce a'a, Baba Mai-keke ne da kansa. Na ce masa ɗana, na ɓata, ka kai ni garejin Bakanike. Bai tambaye ni komai ba, ya ja ƙofar shagonsa ya hau nasa babur ya shiga gaba. A bainar jama'a na faɗi cewa na ɓata, kuma bai yi min ciwo ba ko rabin abin da kuka yi min a ɓoye.

Bakanike ya rako ni har tsakar gidana. A nan muka tsaya ya maida wa Malama gidanta na gaskiya, ya sa mata lambar sirri da shi kaɗai ya sani. Ya canza min makunni, sabon makulli yana wuyana a igiya. Ya kuma je ya karɓo min jakata. Gobe ina da aiki a hayin kogi, kuma zan je.

Ki saurare ni da kyau. Ban ce lafiyata ƙalau ba, na daina faɗin haka. Na san abin da ke tafe, na fi ku saninsa, don a cikin kaina yake. Na yarda in daina fita da yamma, na yarda in riƙa gaya wa Bakanike inda za ni. Amma mutumin da ya daina yarda da kansa ya koma yarda da abu ɗaya tak, ba a bi ta wannan abin a yi masa ƙarya. Kun yi lissafin cewa ko na ji zafi zan manta. Wataƙila in manta ɗin. Yau dai ban manta ba, kuma da hankalina nake rubuta miki.

Na yafe miki, na yafe wa yayanki, don na san tsoro ne ya sa ku. Amma makullin nan ba za a zare shi a bayan idona ba. Akwai ranar da zan ga ya isa, in kashe babur, in cire igiyar daga wuyana in sa miki a tafin hannu, ina kallonki, na san ko ke wace ce. Abubuwa da yawa za su tafi ba da izinina ba, Uwata. Wannan ranar ku bar min ita.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi muku albarka, ke da ɗan'uwanki.

Ni ne mahaifinki, daga gidana,
Mai-keke