Kwana Casa'in da Shida da Na'ura Ta Shafe Mini

Maharazu Tanko,
Mai Gadin Ƙofar Ruwa ta Bakwai,
Sashen Bunkure.
17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Manajan Harkokin Ma'aikata,
Kamfanin Noman Rani na Rafin Zuma,
Kura, Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHAFE MINI KWANAKIN HUTU, DA SAKA SUNANA CIKIN MASU GUDUN AIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A daren 9 ga Janairu, 2025, na ji wani sauti a gidana, kamar ana jan ƙwarya a kan yashi. Na ɗauka wani tsuntsu ne da na daɗe ina jin kukansa a bakin kanal ban taɓa ganinsa ba, har na fita da tocila ina haska darbejiya. Da na dawo ɗaki sai na tarar numfashin maiɗakina Tambaya ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

2. Washegari na sanar da shugaban sashe, Malam Taufiq, cewa zan fara cin hutun da na tara, ya kuwa amince. Kamar yadda Mai Girma ya sani, mai gadin ƙofa ba ya tafiya a ƙarshen shekara, don lokacin ne alkama da tumatir suke tsakiyar shan ruwa. Tun 2019 kuma ba a ba ni mai canji ba. Kowace shekara Malam Taufiq yakan rubuta ragowar kwanakina a jan littafi, ya sa hannu cewa an ɗaga. Suka taru kwana 96. Da su na yi niyyar kai Tambaya Legas, don ta ce ba za ta yarda akwai ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba sai ta gani da idonta.

3. Na yi jinyarta kwana 41. Ni nake juya ta, ni nake ba ta koko da cokali. Allah Ya karɓi abarSa ranar 19 ga Fabrairu.

4. Ranar 24 ga Fabrairu, ana zaune ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, masinja ya kawo mini takardar tuhuma, wai na bar bakin aiki kwana 41 ba da izini ba.

5. Na je ofis, akawun albashi Malam Badamasi ya juyo mini da fuskar na'ura. Ya ce da aka tsara sabon teburin lissafin albashi a cikin na'urar, an sa duk hutun da ba a ci ba ya mutu ranar 31 ga Disamba, gurbin ɗagawa kuma an bar shi a sifili. Jan littafin ba wanda ya shigar da shi. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma sifili na gane shi. Ya ƙara da cewa daga teburin nan ake lissafin garatuti, kuma wanda ya haura kwana 30 ba izini, kora ce hukuncinsa. Saura wata bakwai in yi ritaya, bayan shekara 31 ina buɗe ƙofa ina rufewa a kan lokaci.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a ɗauko jan littafin a shigar da abin da ke ciki, a janye takardar tuhuma, a kuma gyara ranar mutuwar hutu don sauran masu gadi. Ragowar kwana 55 ɗin na yafe, ba ni da inda zan kai su. Kwana 41 ɗin nan dai a rubuta su da sunansu. Ba gudu na yi ba, ranka ya daɗe, ina zaune ne a gefen tabarmarta.

Ranar da aka kawo takardar, maƙwabcina Iliyasu, manomin albasa, ya tambayi masinja a gaban jama'a, shin waɗanda suka ce ban zo aiki ba, a ina suke so in kasance? Masinja ya sunkuyar da kai. Aka shafa fatiha aka watse.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Maharazu Tanko