Wasiƙun da Inna ta ƙona

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya zaman Legas? Mu nan ƙauye sai godiyar Allah, gero ya fara fitar da kai.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Ranar Talata motar soja ta tsaya a ƙofar gidanmu. Taya ce kawai ta fashe musu a hanyar Dawakin Tofa, suka nemi ruwan sha. Inna na hango kakinsu ta ruga ɗaki, ta kwaso wasiƙun 'yan'uwanta na ƙasarsu Cekoslobakiya, har da hoton mahaifinta, ta cusa a murhu. Kafin in ajiye muciya wuta ta cinye su.

Na ce, "Haba Inna, ruwa fa suka roƙa!"

Ta ce, "Haka sojojin Jamus suka roƙi ruwa a gidanmu ina yarinya, suka tafi da babana. 'Yan gurguzu kuma wasiƙa ɗaya suka gani, suka ɗaure yayana."

Ni da ta haifa ban taɓa jin wannan ba. Kai ka sani ka yi min shiru?

Tun ranar ba ta cin abin kirki, sai tonon toka. Ku sa ta a addu'a, a gaida kowa da kowa. Ɗaya hoton Kaka, baban Inna, da ka tafi da shi kuma, don Allah kada ka ba direba, ka kawo da kanka. Jiya ta ce min ta fara manta fuskarsa.

Ƙanwarka,
Hauwa