Kumfar da Ke Reshen Mangwaro

Zuwa ga Baban Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Tunda aikin maƙogwaron ya hana ka magana a waya, ga takarda ta hannun direba.

Hankalina a tashe yake. Na ga wata farar kumfa kamar ƙullin auduga manne a reshen mangwaro, daidai saman ramin da muka haƙi ƙasar gini. Yayata ta ce jifa ne aka yi maka, shi ya riƙe muryarka. Na kira mai gatari, jibi zai sare bishiyar.

Allah ya ƙara sauƙi.
Matarka

Maman Yara,

Gaisuwa da kewa. Dariya ta kama ni har ɗinkin ya yi zafi, nas ta harare ni.

Don Allah ki sallami mai gatari. Wannan sheƙar kwaɗon bishiya ce. Macen ke kaɗa kumfar da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai a ciki. Rana ta busar da bayan, cikin ya zauna da danshi. In sun ƙyanƙyashe sai ƙasan ya narke, 'ya'yan su faɗo cikin ruwa. Ramin da sauran ruwa?

Likita ya ce muryar tana iya dawowa, tana iya ƙi. Ban faɗa wa yara ba.

Ki gaida Yaya.
Mijinki

Baban Yara,

Barka da war haka. Ka san ni da kwaɗo, ko hotonsa ba na so. Amma ramin ya ƙafe, sai na ajiye bahon wanki cike da ruwan sama a ƙarƙashin kumfar. Da hantsi ina shanya na ji ɗis, ɗis. Na leƙa, ga su baƙaƙe, kai da wutsiya kawai. Kazar maƙwabciya ta tsince wasu, har muka yi cacar baki ta kan katanga. Yanzu na rufe bahon da tsohon gidan sauro. Yaya ta ce na zare.

Maganar likita kuwa, na yi kukana na share. Mun ga abin da ya fi wannan. Ko da hannu za ka riƙa nuni, ka dai dawo.

Me suke ci ne?

Taka har kullum

Maman Yara,

Sallama. Dafaffen ganye, kaɗan-kaɗan.

Yau an cire bututun da aka sa min a maƙogwaro. Na ce “ruwa”, nas ta juyo daga bakin ƙofa. Ki turo min rigata da takalmi.

Mijinki