Yajin da Na Ɗauka na Goggo Ne

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, na yi abin da ya hana ni sukuni, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina aji uku, mutumin Ƙarfi ne ta wajen Malumfashi. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni sashen Goggo Rabi'atu, ƙanwar babana, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ɗakin Inna. Har Allah ya karɓi ran Inna ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "na Goggo". In na gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Ƙannena kuwa su hau cinyarta, ta yi musu tsawa, ta yi musu dariya. Ni ko tsawar ban samu ba.

Da farkon daminar bana ta rasu, mako uku da komawata makaranta. Kafin in iso daga makaranta an riga an kai ta. Na zauna karɓar gaisuwa, kowa yana cewa in yi haƙuri, ni kuwa idona ƙamas. Da na koma makaranta sai abin ya sauko mini. Na daina gane karatu, na daina shiga mutane.

A haka wani malaminmu ya tura ni wani zama da ake yi duk Laraba bayan la'asar a sashen ba ɗalibai shawara. Mu takwas ne, kowa ya rasa uwa ko uba. Malama Liatu ce ke jagoranta, kuma sharaɗin shi ne abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin zai tsaya. Da farko na raina abin, na ce wannan ai zaman 'yan birni ne. Amma na ci gaba da zuwa. Almustapha, wanda ya tashi a Abuja, ya kunna mana saƙon murya na ƙarshe da mahaifiyarsa ta tura masa, tana kiran sunansa har sau uku. Wallahi Hajiya hassada na ji, ba tausayi ba.

Da aka zo kaina sai na ce ni uwata ba ta taɓa ƙaunata ba. Na ce ta ba da ni tun ina ƙarami, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa raka ni ko ƙofar gida ba in zan tafi makaranta. Duk gaskiya ne, amma ban ce musu ni ɗan fari ba ne, ban ce musu haka iyayenmu mata suke alkunya ba. Wata Elizabeth har kuka ta yi mini, tana mamakin irin wannan uwa. Malama Liatu, da yake ita ma 'yar wajenmu ce, ta tambaye ni a hankali ko ni ne babba a ɗakinmu. Na kauce wa tambayar. Na ji daɗin tausayin da suka yi mini, shi ne gaskiya.

Da kaka aka ba mu ɗan hutu na je gida. Duk komawata makaranta Goggo kan haɗa mini yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu, har abokan ɗakina sun san yajin Goggo. Wannan karon da na ɗanɗana sai na ji ba shi ba ne, na tsokane ta cewa tsufa ya fara taɓa hannunta. Sai ta zauna a bakin turmi ta fashe da kuka. Ta ce ita ba ta taɓa daka mini yaji ba. Inna ce take dakawa, ta soya gyaɗar gonarta, ta miƙo ta kan katanga, ta roƙe ta kada ta faɗa. Ta ce ranar tafiyata bayan rumbu Inna take laɓewa har babur ya sha kwana, kuma ba ta sa komai a bakinta sai an ce na sauka lafiya.

Hajiya, na ci mutuncin uwata a gaban mutum takwas, tana kabari ba ta iya kare kanta. Laraba huɗu ke nan ban je zaman ba, in na hango ɗayansu sai in sauya hanya. Almustapha ya kira ni ya gaji. Jarrabawa saura mako biyar, ban buɗe littafi ba. Akwai ragowar yajinta na ƙarshe, rabin gwangwani, a akwatina. Na kasa ci, na kasa zubarwa. In koma in ce musu ƙarya na yi? Ko in bar su da abin da suka ji, in nemi gafarar Allah ni kaɗai?

Na Goggo, daga Ƙarfi

*

Ɗana, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Bari in fara rage maka kaya. Ba ƙarya ka yi ba, rabin magana ka faɗa. Yaron da ya tsaya yana kallon ƙannensa a cinyar uwarsa ya ji ciwo na gaske, kuma sanin cewa al'ada ce ba ya hana ciwon. Kana da haƙƙin faɗinsa, kuma ɗakin nan don irinsa aka buɗe shi. Inda ka kuskure shi ne ka ɓoye abin da zai sa a yi wa Inna adalci, har aka miƙo maka tambayar da za ta fitar da kai, ka kauce. Wannan kuskure ne, amma irin wanda ake gyarawa da bakin da ya yi shi.

Ita ma Inna ka dube ta da kyau. Haka ta ga uwarta ta yi, haka aka koya mata cewa mace mai mutunci ke yi. An hana bakinta, sai ta yi magana da taɓarya. Ba zan ce al'adar ba ta da illa ba, ga ka nan shaida. Ni mai rubuta maka ina da ɗan fari, shekararsa talatin da huɗu, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, kuma kullum ina ɗauka ya san abin da ke raina. Da na gama karanta wasiƙarka na ɗauki waya na kira shi. Sunan dai ya ƙi fita, amma na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba.

Istigfari da addu'a wajibi ne, ka yawaita, ka yi mata sadaka gwargwadon ƙarfinka. Amma ba su ɗauke maka komawa ba. Mutum takwas suna yawo da hoton uwarka wanda ba nata ba ne, kuma kai kaɗai za ka iya sauya shi. In gaban jama'a ya yi maka nauyi, ka fara samun Malama Liatu ita kaɗai. Tambayar da ta yi maka ta nuna ta gane tun ranar, ta bar ka ne ka iso da ƙafarka. Ka gaya mata batun karatun ma, mako biyar ya isa a ceto wani abu in ka fara yau. In barci ko abinci suka ƙaurace maka, ka je asibitin makaranta, babu abin kunya a ciki. Ka ɗauki wayar Almustapha. Goggo kuma kada ka riƙe ta a zuciya, amana aka ba ta ta riƙe. Ka zauna da ita in ka je gida, akwai sauran labarin Inna a wurinta.

Yajin nan kuwa, ba don a ajiye a akwati ta daka shi ba. Ranar Laraba ka sayi dafaffen rogo ko ƙosai, ka tafi da gwangwanin, ka ajiye a tsakiyar ɗakin kowa ya dangwala. In sun ce ya yi daɗi, ka gaya musu wadda ta daka, da katangar da ta miƙo shi ta kai. In kuka ya zo ka bar shi ya zo, tun ranar zaman makoki yake jiranka.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyarka, ya haɗa ka da Inna a inda za ta kira ka da sunanka.

Hajiya Maijidda