Kofin da Yaya Bitrus ya ƙi karɓa

Lahadi da dare, farkon Nuwamba

Ƙarfe biyar da rabi na wanke kofunan Jibin Ubangiji, na jera su a tire.

Ni ne dattijon da ya zaga da su yau a coci. Da na iso bencin wana, Yaya Bitrus, sai ya harɗe hannuwansa, ya zuba wa bango ido. Na tsaya da tiren a hannuna, har na gefensa ya miƙo hannu ya ɗauka. Kowa ya gani.

Bayan sujada na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Haba Yaya, har a teburin Ubangiji?" Ya ce, "Kai da ka bi gida gida kana nema wa Musulmi ƙuri'ar kansila? Je ka ba Alhajin naka ya sha."

Alhajin nan shi ya gyara mana rijiyar burtsatse. Ɗan cocinmu da ya riƙe kujerar a baya bai taɓa leƙo mu ba. Na yi addu'a kafin in goyi bayan Alhajin. Ko muryar kaina na ji, na ɗauka ta Allah ce? Ban sani ba.

Matata Rifkatu ta ce, "Baban Dauda, ci abincinka, zai huce." Ba ta san Yaya ba. Fasto ya ce mu ci gaba da addu'a, amma bai ce zai je wurinsa ba.

Gobe:
- Sayo buhunan zuba doya.
- Leƙa gonar da ke ƙauyen Adogi.
- Kai Mama asibiti. Ni da Yaya muke tallafa ta ta shiga mota. Ban san wa zai kama ɗaya hannun ba.