Iskar Azahar Ba Ta Mai da Jirgi Baya

Wara, 9 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Sahabi, sanyin idona, inuwar gaɓata, farin wata bisa ruwan Kainji!

Saƙonka ya iso ta bakin ƙanwarka Fatsuma: wai ranar Juma'a ka taso daga tungarku ta tsibiri bayan Azahar don ka gaida Baba, sai iska ta taso daga tudu ta mai da kwalekwalenka baya. Allah sarki! Na tausaya maka har na kusa yarda.

Ka manta ranar da ka maido mu daga tsibiri ni da Fatsuma? Ka aje filafilin tuƙi, ka ɗaura buhunan da ka ɗinke a jikin gora, iska ta tura mu har gaɓa. Ka ce ita ma sona take yi. Ni kuwa, malamar labarin ƙasa marar kunya, na ce a'a: rana ce ke gasa ƙasa kafin ruwa ya ɗumama, iskar tudu ta yi zafi ta tashi sama, mai sanyi ta kan tafki ta kwararo ta cike gurbinta. Sai da asuba, in ƙasa ta huce, take juyawa. Ka yi dariya, ka ce kakanka da bai je jami'a ba da ta asuba yake fita, da ta rana yake dawowa.

To, ya zumar raina, yaushe tafki ya sake hali? Ran nan Baba da ƙannensa biyu suna kan tabarma har La'asar, Inna ta sa an yanka zakara, ni ina ƙofa ina kallon hayaƙin masu bandar kifi. Duk wajen tudu hayaƙin ya karkato. Ko ƙwarya aka saka a ruwa da ta iso!

Iska dai gaɓar da ta fi zafi take nufa. Wace gaɓa ce ta fi tawa? Shanga? Yalwa? Ban tambayi Fatsuma ba, don ƙasa take ta kallo.

Duk da haka ina sonka, son da ya fi ƙarfin karatuna. An aiko mini takardar canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, ban sa hannu ba. Baba ya ce Juma'a ɗaya ta rage maka. Ka zo, ko ka aiko da gaskiya, kowanne zan iya ɗauka.

Taka har abada in ka zo, in ba ka zo ba, taka har La'asar,
Barakatu